A bar sabuntawa ta sauka da kanta, ko a riƙe ta sai an gwada?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Shugabanmu ya dawo daga wani taro ya ba da umarnin a kashe duk wata sabuntawa mai sauka da kanta a kwamfutocin ofis da sabobinmu. Ta Windows, ta manhajar tsaro, har ta burauza. Wai sai mun zauna mun tantance, sannan mu sa da hannu sau ɗaya duk wata uku. Hujjarsa abin da ya faru da kamfanin manhajar tsaro na CrowdStrike ne a Yulin 2024. Mu uku ne a sashen, ga rassa a garuruwa daban-daban. Ya ce in rubuto masa ra'ayina kafin Litinin. Raina bai kwanta da umarnin ba, amma ina so in je masa da hujja mai ƙarfi. Me kuke gani?

Baba Saba:
Wa alaikumus salam. Kafin a yanke hukunci da sunan CrowdStrike, a fara sanin abin da ya faru, don da yawa labarin kawai suka ji daga nesa.

Ranar Juma'a ce, 19 ga Yuli 2024. Da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya kamfanin ya sako wani ƙaramin fayil ga manhajarsa ta Falcon da ke kan kwamfutocin Windows. Da ƙarfe 6:27 ya janye shi. Minti 78 kenan. A cikin wannan ɗan lokacin duk kwamfutar da ke kunne kuma take da intanet ta karɓa, ta faɗi, allo ya koma shuɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa. Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na masu amfani da Windows a duniya. Sai dai wannan kashi ɗayan su ne na filayen jirgi, asibitoci, bankuna da gidajen talabijin. Kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar, ya ce ya yi asarar dala miliyan 500, ya kai ƙara kotu a watan Oktoba.

Ga inda nake so shugabanka ya kula. Kamfanoni da yawa da abin ya kayar sun riga sun saita Falcon ya tsaya a sigar da ta gabata, wasu ma siga biyu baya, saboda taka-tsantsan. Bai cece su ba. Abin da aka sako ba sabuwar sigar manhaja ba ce, fayil ne na bayanan gano barazana, wanda ake kira Channel File 291, kuma irinsa ba ya bin layin da abokin ciniki ya tsara. Ya sauka wa kowa a lokaci guda. Cutar a nan take: abu ɗaya ya isa ko'ina a lokaci ɗaya, babu wanda ya fara ɗanɗanawa.

Ƴar Damagaram:
Sannu Baba. Ni wata uku ɗin nan ne ya tsaya mini a rai. Malam Ɗan Fagge, ka kai wa shugabanka waɗannan ranaku biyu kawai. Microsoft ya fitar da facin MS17-010, wato gyaran da ke toshe wani rauni a Windows, ranar 14 ga Maris 2017. WannaCry, cutar kwamfuta mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, wadda ke shiga ta wannan raunin, ta ɓarke ranar 12 ga Mayu 2017. Wata biyu facin yana zaune yana jiran a ɗauka. Asibitocin gwamnati a Ingila da ba su sa ba sai da aka soke ganin likita kimanin 19,000, ana juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitocin. Da tsarin wata uku suke bi, da ko lokacin zamansu na tantancewa bai yi ba.

Kutsen Equifax, kamfanin Amurka mai tattara bayanan bashin mutane, shi ma a shekarar ne. An sanar da raunin Apache Struts, manhajar da shafinsu ke gudana a kai, tare da facinsa farkon Maris, ba su sa ba, masu kutse suka shiga tsakiyar Mayu suka zauna har ƙarshen Yuli. Bayanan mutum miliyan 147 suka tafi. Kwamfutar da ta faɗi za a tashe ta ko da kwana nawa ne. Bayanan da aka kwasa kuwa ba su dawowa.

Mai Shafi:
Hajiya, ban ƙi maganarki ba, amma kin ɗauko rabin labarin ne. Ga ɗaya rabin. SolarWinds a 2020: kamfanoni da ma'aikatu kusan 18,000 suka sauke sabuntawar Orion, manhajarsa ta kula da netwok, mai sa hannun kamfanin, da gubar da masu kutse suka dasa a cikinta. Waɗanda suka fi kowa bin ƙa'ida su suka fara sha. Sannan xz, manhajar matse fayiloli da ke cikin yawancin tsarin Linux, a Maris 2024. Siga 5.6.0 da 5.6.1 ne ke ɗauke da ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar shiga da aka dasa don kutse. Wa ta kama? Masu bin sabon abu da zafinsa, irin su masu amfani da nau'o'in Linux na Fedora Rawhide da reshen gwaji na Debian da Kali. Masu zaune kan tsayayyar sigar Debian ko Ubuntu ko ƙurarta ba ta taɓa su ba. To jinkiri ne ya cece su. Shugaban Ɗan Fagge bai yi ƙarya gaba ɗaya ba.

Ƴar Damagaram:
Jinkirin da ya ceci masu Debian ai ba zaman banza ba ne, Malam. Akwai dubban mutane a gaba da suke sa sabon suna gwadawa, su ne suka tare musu. Shugaban nan kuwa ba gwaji ya ce a yi ba, kulle ƙofa ya ce a yi a tafi. Mutum uku, da rassa, wa zai zauna ya karanta facin Windows ya tantance shi?

Ƙaramin Injiniya:
Salamu alaikum manya. Ni sabo ne, hidimar ƙasa nake. Baba, Allah ya ƙara girma, abin da ban gane ba shi ne: in manhaja ta samu matsala ai ita kaɗai take rufewa, kamar yadda burauza kan mutu in sake buɗe ta. Me ya sa wannan ta kayar da kwamfutar baki ɗaya?

Baba Saba:
Tambaya mai kyau, ɗana. Burauza a waje take aiki, inda Windows ke sa mata ido. In ta taɓa ƙwaƙwalwar da ba tata ba, sai Windows ya kashe ta ya ci gaba da harkarsa. Manhajar tsaro irin Falcon kuwa tana da direba a cikin kanel, wato can cikin zuciyar Windows, don ta ga duk motsin da ake yi kafin mugun abu ya ɓoye. A can babu mai kashe ka ya ci gaba. In direba ya yi kuskure, Windows tsayawa yake cak don kada ya lalata bayanai. Kuma wannan direban yana cikin waɗanda ake lodawa tun farkon tashi, shi ya sa kowace kunnawa take komawa faɗuwa.

Kuskuren kansa ƙarami ne har abin tausayi. A bayanin da kamfanin ya fitar, samfurin da aka tsara yana sa ran bayanai 21, lambar da ke ciyar da shi kuma 20 take bayarwa. Watanni ana tafiya lafiya saboda babu ƙa'idar da ta nemi na 21 ɗin da gaske. Ran da aka sako wadda ta nema, sai direban ya miƙa hannu inda babu komai. Manhajar da aka ɗora wa alhakin tantance fayil kafin a sake shi ita ma tana da nata aibin, ta ce lafiya.

Ba wannan ne na farko ba. A Afrilun 2010 McAfee ya sako fayil ɗin da ya ɗauki svchost.exe na Windows XP a matsayin ƙwayar cuta, kwamfutoci suka yi ta kashe kansu a asibitoci da ofisoshin 'yan sanda. Cloudflare ma ranar 2 ga Yuli 2019 ya sako ƙa'ida guda ta katangar tsaro ga sabobinsa na duniya a lokaci guda, ta cinye ƙarfin injinan duka, shafuka suka ɗauke na minti 27. Ka lura, duka ukun kayan tsaro ne, kuma duka an ba su hanyar gaggawa da ke tsallake layin gwaji, da hujjar cewa barazana ba ta jira. Ni a ganina wannan hanyar gaggawar ita ce abin tuhuma.

Ƙaramin Injiniya:
Na gane yanzu. Na gode Baba.

Ɗan Zango:
Ina gaisuwa daga Kumasi. Kowa yana maganar yadda za a hana faɗuwa, ni kuma tashi bayan faɗuwa ne ya dame ni. Gyaran CrowdStrike ai ba wuya gare shi ba: ka tada kwamfutar a yanayin ceto na Windows, ka shiga babban fayil ɗin direbobin kamfanin, ka goge wanda sunansa ya fara da C-00000291, ka sake kunnawa. Minti biyar. Amma sai an je gaban kowace na'ura, don wadda ba ta tashi ba ba a shiga ta daga nesa. Kuma in an rufe faifanta da BitLocker sai an kawo mabuɗin ceto mai lamba 48. Wasu sun je neman mabuɗan sai suka tarar sabar da ke ajiye su ita ma ta faɗi.

Na taɓa ganin irin wannan a wurinmu, ba ta wannan kamfanin ba. Wani kamfanin laftof ne ya sako sabuntawar firmwaya, washegari kwamfutocin wani reshenmu suka tashi suna neman mabuɗin ceto. Babu ma'aikacin fasaha a garin. Wata akanta ce ta riƙe waya a kunne, ina karanto mata lambobin shida-shida har rukuni takwas, janareta na ruri a bayanta, layi yana yankewa. Ta kai rukuni na bakwai sai ta ce allon ya ce ba daidai ba. Muka koma farko. Ga kwastomomi a tsaye a gabanta suna jira. Tun daga ranar muka buga mabuɗan kowane reshe a takarda, muka sa a ambulan mai hatimi a cikin sef ɗin manaja, kuma ana sabunta takardar duk lokacin da aka canza na'ura.

Ƴar Damagaram:
Takarda a sef ta fi rashin komai, amma a rubuta wanda ya buɗe da ranar da ya buɗe, kuma a canza mabuɗin da zarar an yi amfani da shi. In ba haka ba ka rufe faifai ne ka ajiye makullin a hannun duk wanda ya san sef ɗin.

Ɗan Zango:
Haka muke yi, Hajiya. Kuma dalilin da ya sa ban yarda a dogara da gajimare kaɗai ba, wato ajiya a sabobin wani kamfani ta intanet, ku tuna 14 ga Maris 2024, ran da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma: WACS, ACE, SAT-3 da MainOne. Mu a Ghana mun ji jiki, ku ma a Najeriya bankuna sun yi ta ba da haƙuri. In irin wannan rana ta haɗu da faɗuwar kwamfutoci, mabuɗin da ke wata saba a Turai bai da amfani. Facebook da girmansa, ranar 4 ga Oktoba 2021, ya ɓace kusan awa shida, kuma wani ɓangare na jinkirin shi ne kayan aikin da injiniyoyi za su gyara da su sun ɗauke tare da shi, sai da aka tura mutane cibiyoyin bayanai da ƙafarsu.

Ɗan Fagge:
Wallahi ina ƙaruwa. Amma Baba, a aikace me zan rubuta? In na ce masa a bar komai yadda yake, zai ce ban ji maganarsa ba. Kuma gaskiya yadda yake ɗin ma ba daidai ba ne, don yanzu duk kwamfutocinmu rana ɗaya suke karɓa.

Baba Saba:
To ka ga kana da abin ba shi. Kada ka je masa da "a'a". Ka ce masa damuwarsa gaskiya ce, ga hanyar da za ta magance ta.

Ka raba na'urorinku zango uku. Zangon farko ku kanku ma'aikatan sashen, da kwamfuta ɗaya ko biyu daga kowane irin aiki: ɗaya daga akanta, ɗaya daga wurin karɓar kuɗi, ɗaya mai tsohuwar firinta da kowa ke tsoron taɓawa. Su ne zakaran gwajin dafi, ranar da faci ya fito ranar suke karɓa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a cika wannan zangon da sababbin laftof ɗin 'yan fasaha, waɗanda ba sa gudanar da ko ɗaya daga manhajojin da ofis ke rayuwa a kansu. Sai gwaji ya wuce lafiya, ranar da ya isa wurin mai biyan albashi ya fashe. Zango na biyu, kamar kashi ɗaya cikin biyar na kowane reshe, bayan kwana biyu ko uku. Sauran bayan mako guda. Kada ka taɓa sa reshe guda gaba ɗayansa a zango ɗaya, ko da ya fi sauƙin saitawa. In abu ya lalace, a samu teburin da ke aiki a kowane gari.

Ba sai kun sayi komai ba. Windows kansa yana ba da damar jinkirta facin wata-wata har kwana 30 ta Group Policy ko Intune, kuma kun san ranar fitowarsa, Talata ta biyu a kowane wata. Sabobi kuma, in kuna da biyu masu aiki ɗaya, ɗaya yau ɗaya jibi, da hoton faifai kafin a taɓa. Ga mai saba ɗaya tilo, a gwada dawo da kwafin ajiya tukuna, a tabbata yana tashi.

Manhajar tsaro kuwa ka rubuta wa dillalinku ka tambaye shi a rubuce: fayilolin gano barazana suna bin zangon da muka tsara, ko tsallakewa suke? Bayan abin da ya faru CrowdStrike ya ba abokan ciniki ikon zaɓar lokacin karɓar irin waɗannan fayiloli, kuma ya ce shi ma zai riƙa sakinsu kaɗan-kaɗan. Duk dillalin da ya kasa amsa wannan tambayar yau, akwai magana.

Ƴar Damagaram:
Na yarda da zango uku, amma mako guda ya yi yawa ga abin da ke fuskantar intanet kai tsaye. VPN (hanyar shiga netwok ɗin ofis daga nesa), katangar tsaro, sabar imel, shafin shiga na ma'aikata. Waɗannan ba sa shiga layin Talata. Log4Shell, rauni a manhajar Log4j da sabobi da yawa ke amfani da ita, ta fito ranar 9 zuwa 10 ga Disamba 2021, cikin awanni aka fara laluben sabobin duniya da ita. Mai laluben ba ya tambayar ko kamfaninka babba ne ko ƙarami, a Kano yake ko a Yamai, adireshi kawai yake bi ɗaya bayan ɗaya. Hukumar CISA ta Amurka tana da jerin raunukan da aka tabbatar ana amfani da su a kai hari, tun Nuwamban 2021 take sabunta shi, kyauta ne kowa na iya dubawa. Ƙa'idata ita ce in rauni ya shiga wannan jerin kuma na'urar tana kallon waje, a cikin kwana biyu a sa faci, ko a cire ta daga intanet har a samu dama.

Mai Shafi:
Log4j ɗin da kika kawo ai ita ce hujjata. A cikin Disambar nan kaɗai sai da aka fitar da 2.15, aka ce bai isa ba, aka fitar da 2.16, sannan 2.17, sannan 2.17.1. Wanda ya yi gaggawa sau huɗu ya tashi sabobinsa cikin dare.

Ƴar Damagaram:
Ya tashe su sau huɗu, amma sabobinsa ne har yanzu. Wanda ya jira na huɗun ya bar ƙofa a buɗe kusan mako uku, ga rauni mai maki 10 cikin 10. Ni na zaɓi rashin barcin. Kuma ku da ke Najeriya ku tuna dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ku awa 72 ne ku sanar da hukuma in an yi kutsen da ya shafi bayanan mutane. Shugaban da ya sa hannu a kan "wata uku" shi zai tsaya ya yi bayani.

Baba Saba:
Ku biyun kuna da gaskiya a wurare daban. Hajiya tana maganar ƙofar waje, Mai Shafi yana maganar cikin gida. Ɗan Fagge ya rubuta su a matsayin ƙa'idoji biyu.

Mai Shafi:
To bari in kawo nawa ɓangaren, tunda shafi nake ginawa, kuma na tabbata kamfanin Ɗan Fagge yana da shafi. Akwai sabuntawa mai sauka da kanta da ba wanda ya lissafa a nan: duk wani JavaScript, wato rubutun da ke gudana a burauzar mai ziyara, da shafinku ke jawowa daga sabar wani. Na talla, na ƙidayar baƙi, na akwatin hira, na haruffa. Mai shi yana iya canza shi yau da rana, duk wanda ya buɗe shafinku ya karɓa nan take, babu zango babu gwaji. Polyfill.io, mai ba shafuka rubutun da ke sa su aiki a tsofaffin burauza, misali ne. A Fabrairun 2024 aka sayar da sunan yankin ga wani kamfani, Andrew Betts da ya ƙirƙiro aikin tun farko ya fito ya ce kowa ya cire shi. Da yawa ba su ji ba, wasu ba su ma san yana shafinsu ba. A watan Yuni aka gano yana tura masu waya zuwa shafukan caca, a shafuka sama da 100,000. Kuma ba a iya ɗaure shi da hatimin SRI, wanda ke sa burauza ta ƙi rubutun da aka canza, ba, don kowace burauza abin da ake aiko mata daban ne.

Abin da ke ba ni haushi shi ne waɗannan ɗin dai su ne ke kashe saurin shafi. Google ya ce babban abin da ke shafi ya bayyana cikin sakan 2.5, kuma tun 12 ga Maris 2024 ma'aunin saurin amsawa na INP ya maye gurbin tsohon, FID, ana son shafi ya amsa taɓawa cikin milisakan 200. Ka ɗauki waya mai araha, irin wadda yawancin mutanenmu ke riƙewa, ka buɗe shafin da ke jawo rubutu daga wurare goma sha. Za ka danna maɓalli ka zauna kana kallonsa, wayar ta yi zafi, data tana tafiya. Na taɓa cire rubutu uku da babu wanda ya tuna dalilin sa su daga shafin wani shago, mai shagon da kansa ya kira yana tambaya me aka yi shafin ya yi sauƙi. Duk wanda ka cire ka rage nauyi, ka kuma rage mutum ɗaya da zai iya sako maka guba.

Ƴar Damagaram:
A nan kam babu saɓani tsakaninmu. Kuma xz ɗin da ka kawo ɗazu, ai ta hanyar auna sauri aka kama ta. Andres Freund, injiniya a Microsoft mai aiki kan PostgreSQL, ya lura shiga inji daga nesa ta SSH ta ƙara kusan rabin sakan kuma tana cin ƙarfin inji fiye da kima. Bai ce "netwok ne" ya wuce ba, ya bi diddigi har ya tono ta, ya sanar ranar 29 ga Maris 2024. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka wa aikin har aka amince masa, saboda mai kula da xz ɗin mutum ɗaya ne da aiki ya yi wa yawa. Duk manhajojin tsaro na duniya ba su gan ta ba, mutumin da ya san yadda injinsa ke gudu a ranar lafiya shi ya gani. Shi ya sa nake cewa zangon farko ba shi da amfani in babu mai kallonsa. A san minti nawa kwamfuta ke ɗauka ta tashi, a san yawan faɗuwar manhaja a mako, kafin faci da bayansa.

Ƙaramin Injiniya:
Yaya Mai Shafi, to in muna buƙatar rubutun fa, kamar na biyan kuɗi?

Mai Shafi:
Na biyan kuɗi dole ka jawo daga mai shi, ƙanena, amma a shafin biya kaɗai, ba a kowane shafi ba. Sauran da za a iya, ka sauke kwafi ka ajiye a sabarka da lambar siga tsayayya, ka sabunta da kanka bayan ka gwada. Sannan ka sa Content-Security-Policy ya lissafa wuraren da aka yarda shafi ya jawo rubutu. Ka fara da yanayin rahoto kawai na ɗan lokaci, don in ka kunna shi da ƙarfi rana ɗaya za ka karya abubuwan da ba ka san suna nan ba.

Ɗan Zango:
Wani abu kuma da zai kashe tsarin "da hannu duk wata uku" ko shugaba ya so ko bai so ba: satifiket ɗin shafi, wato shaidar da ke tabbatar wa burauza cewa shafin na gaske ne. A Afrilun 2025 zauren CA/Browser, na masu ba da satifiket da masu burauza, ya amince a rage tsawon rayuwarsa. Daga kwana 398 zuwa 200 a 15 ga Maris 2026, zuwa 100 a Maris 2027, zuwa 47 a Maris 2029. Let's Encrypt dama kwana 90 ya saba bayarwa. Wanda ke sabuntawa da hannu zai manta wata rana, shafi ya tashi da jan gargaɗi. A Equifax ma satifiket ne ya ƙare a na'urar da ke duba zirga-zirgar bayanai, ta yi watanni ba ta ganin komai, ranar da aka sabunta shi ranar suka ga ɓarayin. Wannan aikin inji ne, a bar wa inji, mutum ya sa ƙararrawar da za ta buga in saura kwana 14 bai sabuntu ba.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri. Akwai matsala ɗaya da ban faɗa ba. Rassanmu biyu data suke saye, kuma manajojin sun fi kowa murna da umarnin, don sun ce ranar faci data ɗinsu ƙarewa take. Sannan akwai kwamfutoci da dama masu Windows 10.

Baba Saba:
Na data yana da magani. Ka kunna Delivery Optimization a yanayin cikin gida, kwamfuta ɗaya ta sauke, sauran su karɓa daga wurinta ta netwok ɗin ofis. Da zango-zango ma abin ya fi kyau, don na zangon farko sun riga sun sauke kafin sauran su nema. Ka saita lokacin ya dace da sa'ar da akwai wuta, kada faci ya kai rabi inbata ta mutu. Wannan ya fi lalata kwamfutoci a wurarenmu fiye da facin kansa.

Windows 10 kuwa magana ce daban, kuma ita ya kamata ta hana shugabanka barci. Tallafinsa na kyauta ya ƙare 14 ga Oktoba 2025. Ko dai ku biya kuɗin ƙarin facin tsaro, ko ku ɗaga waɗanda za su ɗauki Windows 11, ko ku ware sauran daga intanet. Ka sa wannan a shafin farko na takardarka da adadin na'urorin da kuɗin da za a kashe.

Ƴar Damagaram:
Burauza kuma kada ka sa ta a zangon mako guda. Chrome kusan kowane mako yake sako facin tsaro, kuma ita ce ke buɗe duk abin da aka turo wa ma'aikaci. In ta lalace ana iya buɗe wata a ci gaba da aiki, ba ta kayar da kwamfuta. A bar ta ta sabunta kanta, a tilasta rufewa da buɗewa bayan kwana biyu.

Mai Shafi:
Kwana biyun ƙofar waje dai har yanzu ina ganin ya yi tsauri ga mutum uku, musamman in ya faɗo ranar Juma'a da yamma.

Ƴar Damagaram:
In ya faɗo Juma'a da yamma a rufe VPN ɗin zuwa Litinin, a sanar da ma'aikata. Amma shugaba ne zai sa hannu tun yanzu cewa sashen fasaha yana da ikon rufewa ba tare da neman izini ba. Malam Ɗan Fagge, ka sa wannan layin a takardar.

Ɗan Fagge:
Na sa. Baba, in na gama daftarin gobe da daddare zan turo maka ta akwatin sirri ka duba mini kafin in miƙa.

Baba Saba:
Turo. Ka haɗo da jerin manhajojin da kowane reshe ke amfani da su, don mu zaɓi kwamfutocin zangon farko tare.